Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Muhalli na Jihar Gombe Kan Kisan Tsuntsayen Ruwa a Daɗin Kowa

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa gare ku da ma'aikatan da ke ƙarƙashinku, ina addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni tsohon malamin makaranta ne, haifaffen ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, yanzu kuma noman rani nake yi a ƙasan madatsar ruwa ta Daɗin Kowa. Da yawun mutane da dama nake wannan rubutu. Akwai masunta, akwai manoman shinkafa, akwai wasu dattawan maharba da muke zaman hira da su bayan La'asar. Su ne suka ce tunda ni ke riƙe da alƙalami a cikinmu, in rubuta abin da kullum muke nanatawa amma ba ya wuce inuwar da muke zaune. Na zaɓi in yi maganar a fili saboda ta shafi duk mai sayen nama a jihar nan, ko da bai taɓa taka bakin dam ba.

Koken namu a taƙaice shi ne: ana kashe tsuntsayen ruwa a Daɗin Kowa da fadamun da ke bin kogin Gongola ta hanyoyin da doka ta hana, addini ya hana, maharban asali ma suke ƙyama. Muna gani da idanunmu. Amma ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba, kuma wanda ya yi ƙarfin halin gwadawa a cikinmu ya ji a jikinsa.

Tun da aka kammala madatsar a 1984, wannan ruwa ya zama matattarar tsuntsaye. Muna da namu na gida, irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela da takabado, ga shamuwa da ke zuwa ta yi mana albishirin damina. Muna kuma da baƙi. Daga wajen watan Oktoba, idan sanyi ya fara daskarar da tafkunan Turai da Rasha, ƙananan agwagin ruwa da tsuntsayen gaɓa kan ƙetaro Sahara su sauka a wurinmu, su zauna har wajen Maris sannan su juya. Wata agwagwar a cikinsu nauyinta bai kai rabin kilo ba, amma ta ci dubban kilomita kafin ta iso. Saboda irin waɗannan baƙi ne Najeriya ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2001, ta kuma shiga yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya a 2004. Tafkin Maladumba da ke Misau, nan maƙwabciyarmu Bauchi, ya shiga jerin Ramsar a 2008, tare da Baturiya a Jigawa da Dagona a Yobe. Tarayya ce ta sa hannu, gaskiya ne. Sai dai tsuntsun ba a Abuja yake sauka ba, a ƙasar da ke hannunku yake sauka.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne guba. Mutum zai samo maganin ƙwari na gona, ya cuɗa da shanshera ko dawa, ya bi gefen ruwa da yamma ya barbaɗa a inda ya ga sawun agwagi. Da asuba ya dawo da buhu. Ba ya harbi, ba ya gudu, ba ya ko jiƙa wandonsa, tsinta kawai yake yi. Wanda ya tarar yana shure-shure ya sa masa wuƙa, wanda ya tarar ya riga ya sandare shi ma ya sa masa wuƙar don wuya ya nuna alamar yanka. Daga nan a fige, a zubar da hanji da ƙundu, a babbake, a soya ko a kyafe, a shiga kasuwa. Mai saye yana murna ya samu naman daji da araha, bai san mushe ya kai wa iyalinsa ba, mushen ma mai guba.

Masu wannan sana'a suna da wata magana da suke kwantar wa kansu da hankali da ita, wai idan an cire kayan ciki an cire dafin. Duk malamin gona da duk likitan dabbobi ya san ba haka ba ne. Maganin da ya kashe tsuntsu sai da ya bar cikinsa ya shiga jininsa kafin ya kashe shi. Mu a jihar nan bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan wannan ba. A 2008 ɗalibai mata sama da 100 na wata makarantar kwana a Gombe aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake, bincike kuma ya nuna maganin ƙwari na gamalin ne a ciki. A shekarar ce hukumar NAFDAC ta haramta jerin magungunan ƙwari har 30. Wancan karon yara ne da yawa a wuri guda, shi ya sa duniya ta ji. Na naman tsuntsu a warwatse yake: yaro ɗaya a wannan gida ya kwana amai da gudawa, tsohuwa ɗaya a wancan ƙauye ta kama makyarkyata, a ce shawara ce ko sanyi, a jiƙa saiwa a sha. Babu mai haɗa ciwon da tsiren da aka ci jiya.

Gubar kuma ba ta tsayawa a kan agwagwa. Abin da mai buhu bai gani ba, wanda ya lallaɓa cikin ciyawa ya mutu, kare zai ci, shirwa za ta ci, ungulu za ta ci in har akwai sauranta. Hanjin da aka watsar ma haka. Zabin mutanen ƙauye da kajinsu suna kiwo a gefen ruwan nan, makiyaya suna shayar da shanu a wurin. Ragowar hatsin kuma igiyar ruwa ke janye shi zuwa ciki, inda ƙananan kifaye suke. Ba na cewa guba ta isa famfunan cikin garin Gombe, don ba ni da awon da zan kafa hujja da shi. Abin da na sani shi ne daga wannan dam ake tace ruwan da babban birnin jiha ke sha, kuma gwamnatin da ta san haka bai kamata ta bar kowa ya riƙa zuba fiya-fiya a bakinsa ba tare da an ce masa kanzil ba.

Sai raga. Kallin kamun kifi mai siririn zaren roba, wanda ido ba ya gani da magariba, shi ake ɗaurewa a kan dogayen sanduna a tare hanyar da tsuntsaye ke bi idan za su sauka kwana. Raga ba ta zaɓe. Tana kama agwagwa, tana kama zalɓe da mujiya da abin da ba mai ci. Wanda ba a so, maimakon a ɓata lokacin kwance shi, sai a fizge fiffiken a yar. Wasu kuma su kafa ragar su tafi cin kasuwa, tsuntsu ya wuni a rataye rana na dukansa har ya mutu. Masu fitilar goshi su ma da nasu: su shiga kwale-kwale da tsakar dare, su dallare garken da haske, su buɗe wuta cikin duhu. Abin da suka ɗauka kaɗan ne a kan abin da ya tsere da rauni ya je ya ruɓe a cikin kacala.

Na damina ya fi ciwo, ko da yake ba ya ƙara. Dinya da kirinjijiya da damina suke ƙwai. Kirinjijiya ɗaya takan yi ƙwai shida zuwa goma sha biyu, ta kwanta a kansu kusan wata guda. Yara da manya su bi ciyawa su kwashe sheƙa kaf, wasu a dafa, wasu a sa wa kaza ta ƙyanƙyashe a sayar da 'ya'yan ga masu son ado a gida. Bayan haka akwai 'yan makonni da agwagwa da dinya ke zubar da gashin fiffike gaba ɗaya, ba sa iya tashi sai sabo ya fito. A wannan lokaci ake bin su da jirgi da sanda. Wani dattijon maharbi a majalisarmu ya ce a zamanin mahaifinsa wanda ya kawo dinya mai ƙwai gida, ranar ba zai ci tuwo cikin maza ba. Mu Musulmi kuma mun san hadisin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ga tsuntsuwa tana kai-kawo saboda an ɗauke mata 'ya'ya, ya umarci a mayar mata da su. Malamanmu na fiƙihu sun halatta farauta don abinci, sun karhanta ta don wasa. Ban taɓa jin wanda ya halatta abin da ya mutu da guba ba.

Batun dalma ba kowa ya san shi ba, don haka bari in ɗan tsaya a kai. Duk harbi ɗaya da bindigar tsuntsu, ƙwayoyin dalma masu yawa ne ke watsuwa, mafi yawansu kuma a taɓo suke faɗawa. Agwagwa tana haɗiyar tsakuwa don ƙundunta ya niƙa abinci, sai ta haɗa da ƙwayar dalma a zaton tsakuwa ce. Ƙundu ya niƙe ta, ta shiga jini, tsuntsuwa ta rame, fiffike ya saki, ta mutu ba wanda ya harbe ta. Saboda haka Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da harsashin dalma a faɗin ƙasarta tun 1991, Tarayyar Turai ma ta hana shi a dausayi daga Fabrairun 2023. Mu Arewa mun san dalma ta wata ƙofa mai ɗaci: a 2010 ta kashe yara sama da 400 a Zamfara ta hanyar haƙar zinare. Maharbinmu da ke narka tsohon batir a tsakar gida don ya yi wa adakarsa harsashi, 'ya'yansa na wasa a gefe, bai san irin abin da yake shaƙa musu ba. Wannan jahilci ne, wa'azi yake buƙata kafin kamu.

Akwai kuma murar tsuntsaye. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da nau'inta mai tsanani na H5N1 a Afirka, a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, masu kiwon kaji kuma ba su manta asarar da ta biyo baya ba. A 2008 an samu ƙwayar cutar a jikin agwagwa a kasuwar tsuntsaye masu rai a nan cikin Gombe. Masu bincike sun kuma taɓa samun nau'i mai tsanani na cutar a jikin kirinjijiya da dinya a Arewacin Najeriya, alhali tsuntsayen suna kiwonsu lafiya lau, ba alamar ciwo. To idan aka kamo irin waɗannan da ransu aka cusa su keji ɗaya da kaji da zabi da talotalo a ranar kasuwa, me ake jira? Wani abin takaici ma, idan aka wayi gari aka ga tsuntsaye a mace a gaɓa, babu wanda zai iya ce maka guba ce ko annoba. Samfur ake ɗauka a kai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kafin a sani. Wa zai ɗauka, in ba a sanar da kowa ba?

Ranku ya daɗe, a nan ne gizo ke saƙar.

A hunturun da ya wuce wani matashin masunci, ɗan aminina, ya tarar da tsuntsaye birjik a mace a wani lungu na ruwa, ga ragowar shanshera mai launi a ƙasa. Ya san wanda ya yi, kowa ma ya sani. Ya ɗebi wasu a buhu ya zo wurina, na raka shi. Ofishin da muka fara shiga suka ce su itatuwa suka sani, tsuntsu ba huruminsu ba ne. Inda suka tura mu aka ce abin da ke cikin ruwa na wata hukuma ce daban. A wani wurin aka saurare mu da kyau, har da girgiza kai, sannan aka tambaye mu ko mun zo da kuɗin mai. A ƙarshe aka sa yaron ya rubuta ƙorafi da sunansa da unguwarsu da lambar wayarsa. Ba a je ko'ina ba wanda ake ƙarar ya samu labari, har da kalmomin da ke cikin takardar. Wani dare aka bi kallin yaron aka yayyanka, kallin da bashi ya ci ya saya. Aka riƙa kiran sa munafuki a bakin ruwa, mahaifiyarsa ta zo har gida tana roƙona in cire mata ɗa daga abin da ba ruwansa. Shi kuwa mai buhu ko makon bai fasa fita ba.

Ban kawo wannan don in tozarta wani ma'aikaci ba, shi ya sa ban kama sunan ofishi ko mutum ba. Wataƙila kowannensu gaskiya ya faɗa a kan iyakar aikinsa. Amma ku duba darasin da mutanen gaɓa suka ɗauka: ka gani, ka kau da kai. Yanzu ko gawar dorina aka gani, ban da tabbacin za a samu mai buɗe baki. Kuma babu yawan ma'aikatan da za ku ɗauka da zai maye gurbin idon masunci, wanda yake kan ruwa tun kafin kiran Assalatu.

Dokoki kuwa akwai su. Akwai dokar namun daji ta 1963 ta tsohuwar Jihar Arewa, wadda jihohinmu suka gada. Akwai dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ɗaga tararta daga naira 1,000 da take a da. Ta hana farautar dabbobin da ta lissafa da guba ko abinci mai guba, ta hana farautarsu da dare, da wuta, da mota, da duk wata hanya mai kisan kiyashi. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana zuba guba a ruwa. Dokar bindigogi ta ce ko adaka ce sai da lasisi daga Kwamishinan 'Yan Sanda. Duk suna nan da Turanci a cikin kabad. Ku tara masunta da maharba ɗari a Daɗin Kowa ku tambaye su wane tsuntsu ne doka ta hana a taɓa, wane wata ne aka hana farauta, ina ake yankar lasisi, nawa ne. Ni da na yi shekaru ina koyarwa sai da na sha wahala kafin na haɗa ɗan abin da na rubuta a nan.

Adalci ne in faɗi ta ɗaya ɓangaren, don a cikin masu wannan takarda akwai waɗanda tsuntsu ya sa su kuka. Manomin da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa, ya yafa iri da yamma, garken agwagi ya sauka da dare ya tsince, ba za ka je masa da zancen Ramsar ba. Ga jan-baki da ke sauka kan shinkafa idan ta yi nono, a tura yara da gwangwani tun safe har magariba, makaranta ta sha ruwa. Wasu daga cikin masu barbaɗa guba ta nan suka fara, suna kare gona, sai suka ga gawar ma kuɗi ce. Haka nan idan gwamnati ta turo jirgin feshin jan-baki, manoma suna godiya, amma maganin ba ya tambayar tsuntsu sunansa, kuma washegari za ka ga yara da kwanuka suna tsintar abin da ya faɗo. Idan hukuma da kanta ta yi feshi ba ta gargaɗi mutane su guji cin gawar ba, da wane baki za ta tsawata wa mai shanshera?

Maharban gaskiya su ma suna da ƙorafi. Su ne ake nema idan ɓarayin shanu ko masu garkuwa da mutane suka addabi gari, su shiga dajin da wani ba ya shiga. Ba sa son a wayi gari a ce an hana farauta ɗungurungum, a haɗa su da masu guba a tukunya ɗaya. Mu ma ba haka muke nema ba. A Amurka farautar agwagwa halal ce a doka, mutane da yawa suna yin ta duk shekara, amma tana da lokaci, tana da adadin da mutum zai ɗauka a rana. Tun 1934 duk maharbin tsuntsun ruwa sai ya sayi wani kan sarki na musamman, kuɗin kuma kusan duka a sayen dausayi da kula da shi ake sa su. Tun 1935 laifi ne a can ka zuba wa agwagwa hatsi don ka jawo ta ka harba, hatsi mai tsabta fa, balle mai guba. Jihohinsu suna da lambobin waya da mutum zai kira ya tona mai karya doka ba tare da ya faɗi sunansa ba, wasu har da tukuici idan aka kama mai laifin. Ba su fi mu son tsuntsu ba. Sai da suka ƙarar da wata irin kurciya da a da take rufe rana don yawa, ta ƙarshenta ta mutu a keji a 1914, sannan suka hankalta. Mu ma muna da tamu: gauraka, tsuntsun da ake kira na ƙasa a Najeriya. Iyayenmu sun san kukanta a fadama. Yau yaron Gombe in ya gan ta, to a gidan wani mai hali ne, an karya mata fiffike tana zagaya tsakar gida.

Don haka ga abin da muke roƙo, kuma na farkon ya fi sauran duka muhimmanci a wurinmu.

Ku ba mu lambar waya ɗaya. A kira ta kyauta, a iya tura mata hoto da saƙon murya ta WhatsApp, domin da yawan masu gani ba sa rubutu. A ɗora ta a hannun jami'in da aka sani, wanda aikinsa ke nan, mai jin Hausa da Fulatanci, in da hali da Teranci. Kada a tambayi mai kira sunansa. A ba shi wata lamba ta shaida da zai riƙa bibiyar ƙorafinsa da ita, yadda ko takarda ta faɗa hannun da bai dace ba, ba za a samu sunan kowa a ciki ba. Shi jami'in shi zai san ko maganar ta malaman daji ce, ko ta 'yan sanda, ko Sibil Difens, ko likitocin dabbobi, ko Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama mai kula da madatsar. Bai kamata a ɗora wa masunci nauyin sanin hurumin ofisoshi ba. A kuma koya wa jama'a ta rediyo abin da ake so su faɗa idan sun kira: wane wuri, wane lokaci, mutum nawa, da jirgi ko da babur, wace kasuwa ake kai kayan. A gaya musu kada su yi fito-na-fito da mai bindiga, kada su taɓa mataccen tsuntsu da hannu, kada su bar yara su ɗauka. Ma'aikacin da aka samu ya fallasa mai kawo rahoto kuwa, a hukunta shi a fili, don shi ne ke kashe tsarin tun daga tushe.

Ku fitar da dokar da ke aiki a jihar nan yau a takarda guda, da Hausa da boko da ajami, da hotunan tsuntsayen da aka hana taɓawa. A manna a matsayar jirage, a kasuwannin kifi da na kaji, a ƙofar fadar hakimai da dagatai. Inda tara ta tsufa har ta zama abin dariya, ku kai wa Majalisar Dokokin jiha ta gyara. A ayyana damina a matsayin lokacin da ba harbi, ba ɗibar ƙwai, ba kamun 'ya'ya. A yi wa maharba rajista ta hannun Sarakunan Baka, masunta ta hannun Sarakunan Ruwa, da saninsu masu martaba sarakunan Yamaltu da Deba, Allah ya ƙara musu lafiya. Wanda ke da kati a aljihu yana da abin da zai rasa, kuma shi zai fi kowa tsanar mai guba. Kuɗin lasisin ya zama daidai ƙarfin talaka, a kuma ga inda yake tafiya, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Malaman daji su samu jirgi mai inji da mai. Ruwan nan ya taɓa Borno ya taɓa Yobe, mai laifi ya san da haka, da ya ji motsi sai ya tsallaka. Zama ɗaya da takwarorinku na jihohin biyu zai toshe wannan kafa. Idan an tashi kamu kuma, a wuce yaron da ke ɗauke da buhu a kai ga dillalin da ya ba shi magani da kuɗin somi, wanda ke jira da mota. A kai shari'a kotu, a sanar da hukuncin a rediyo. Masu sayar da maganin ƙwari a kwalaben da ba suna ba tambari a kasuwannin ƙauye, wannan aikin NAFDAC ne, amma sai kun gayyato ta. Duba-gari kuma su riƙa tambayar mai tiren soyayyen tsuntsu inda ya samo.

Manomi a haɗa shi da malaman gona na Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya da ke nan Daɗin Kowa, su nuna masa dashe maimakon yafi inda agwagi suka yi yawa, su daidaita wa maƙwabta lokacin shuka don ɓarnar ta rarrabu. Duk ranar da za a yi feshin jan-baki, a yi shela tun kafin jirgi ya tashi, a tura masu kwashe gawar su binne.

Na ƙarshe ba ya cin kuɗi sosai. Duk watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya, tun 1967 ake yi. Muna da Jami'ar Jihar Gombe, muna da ta Tarayya a Kashere, ga cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis a Jos da ta horar da 'ya'yan Arewa da dama. Ku sa a riƙa ƙirga na madatsun Daɗin Kowa da Balanga kowace shekara a buga sakamakon, don mu daina musu a kan ko sun ragu ko idonmu ne ya tsufa. Su kuma bayyana wa mutane cewa zoben da ake samu a ƙafar wani tsuntsu alamar masu bincike ce, ba laya ba ce, ba kuma na'urar leƙen asiri ba, a karanta lambar a kai musu. Gwamnatin da ta fito da shirin Gombe Goes Green a 2019 ta dasa itatuwa, ta nuna tana jin maganar muhalli, wannan ɗan ƙari ne a kan abin da ta riga ta fara.

Muna gayyatarku ku zo bakin ruwa da kanku, da sassafe, ba tare da jiniya ba. Masuntan da suka sa ni rubutu sun ce za su tuƙa ku su nuna muku lungunan da ake kafa raga da inda ake zuba hatsi, matuƙar ba za a ɗauki hoton fuskokinsu ba. Muna kuma roƙon amsa a fili, ta rediyo ko ta jarida, kafin baƙin tsuntsaye su fara sauka a watan Oktoba, ko da amsar lambar wayar ce kaɗai da sunan ofishin da zai riƙe ta.

Allah ya yi muku jagora, ya ba jiharmu lafiya da zama lafiya.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin makaranta,
a madadin wasu masunta, manoman rani da maharba na yankin Daɗin Kowa,
Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba, Jihar Gombe.